Zuwa ga Wakilan Arewa a Majalisar Tarayya: Wasiƙa Daga Ɗakin Haihuwa

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da tambayar iyali da jama'ar mazaɓa, ina fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku sanatoci da 'yan majalisar wakilai da muka tura Abuja daga jihohin Arewa. Ni ungozoma ce ta asibiti. Na tsufa ina karɓar haihuwa a ƙananan asibitocin karkara, irin waɗanda mutanenmu ke kira sha-ka-tafi, kuma ban taɓa rubuta wa ɗan siyasa ko layi ɗaya ba, ko na neman aiki ga ɗa ko na neman kujerar Makka. Yau na rubuto ne saboda alƙalamin kasafin kuɗi a hannunku yake, kuma abin da wannan alƙalami ya rubuta ko ya goge, a ɗakina yake sauka.

Bari in fara da wata mata. Wani dare da damina aka kawo mini ita a bayan a-kori-kura, haihuwarta ta bakwai, ta sauka a gida tun la'asar, mabiyiya ta fita, jini kuwa ya ƙi tsayawa. Na tambayi mijin me ya sa sai yanzu. Ya ce tun kafin magariba yake yawon neman rance, domin ya san ba a shiga asibiti hannu Rabbana. Na yi abin da zan iya, na tura su babban asibiti, aka ƙara mata jini leda biyu, Allah ya yi da sauran kwana. Kafin a sallame su sai da mijin ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu. Bayan ta yi arba'in ta zo wurina da kanta, da yardar mijin, ta ce in sa mata ashanar fata, wato maganin tazarar haihuwa da ake sawa a ƙarƙashin fata, ta huta ko da shekara biyu ce. Na buɗe kwaba, babu. Allura ma babu. Na ce ta dawo wata mai zuwa, ta dawo, babu. Ba ta sake dawowa ba sai da wani cikin, ga jariri a baya bai fara rarrafe ba. Mijin ya gaya mini, ba da faɗa ba, cewa wannan karon a gida za ta haihu ko me zai faru, don ba shi da sauran abin sayarwa.

Duk abin da zan faɗa a ƙasa yana cikin labarin nan: rashin inshorar da za ta hana magidanci sayar da sa, da rashin maganin da zai ba mace hutu. Kuma dukansu biyun akwai doka ko alkawari a kansu, da sa hannun wannan majalisa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Najeriya a dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a duniya. In aka raba, fiye da mata 200 ke nan kowace rana. Ku a zaurukanku biyu ku 469 ne. Kwana uku ba sa cika sai adadin matan da aka rufe ya zarce yawanku gaba ɗaya. Kuma kun fi ni sanin daga wane yankin ƙasar yawancinsu suka fito. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Masu magana a taro sukan ɗora laifin a kan al'ada da kunya da jahilci, kuma ban ce babu su ba. Sai dai ni da ke tsaye a bakin ƙofa na san sau nawa al'adar nan ke gushewa da zarar an ce wa miji ba zai biya ko sisi ba. A ƙasar nan, cikin kowace naira 100 da aka kashe wajen neman lafiya, fiye da 70 daga aljihun marar lafiya da danginsa take fitowa. Mai noman gero yana da lissafi, kuma lissafin nan ne ke zaunar da matarsa a ɗaka har naƙuda ta kwana biyu.

A 2014 aka sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa. Ita ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya: rabi a biya wa talaka inshorar magani, kashi 45 a sayi magunguna a gyara ƙananan asibitoci a horar da ma'aikata, kashi 5 na taimakon gaggawa. Dokar ta kuma hana kowane asibiti korar wanda aka kawo cikin halin gaggawa. To, shekara huɗu dokar ta yi tana barci. Sai a kasafin 2018 aka ware mata kuɗi karon farko, kimanin naira biliyan 55, kuma majalisa ce ta cusa shi da hannunta. Ina tuna muku wannan ne don kada wani ya ce mini ikon yana wurin ɓangaren zartarwa kaɗai. An taɓa yi, kuma a zauren da kuke zaune aka yi.

A watan Mayun 2022 kuma marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma kafa asusun masu rauni. A ranar an ambaci talakawa miliyan 83 da za a biya wa. Yau waɗanda gwamnati da kanta ke cewa suna da inshora kimanin miliyan 20 ne, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma mafi yawansu ma'aikata ne masu albashi da iyalansu. Matan da ke zama a kan bencina ranar awo ba su da albashin da za a cira. Mai ƙuli-ƙuli ce, mai saƙar hula ce, matar ɗan ga-ruwa ce. In ba asusun masu rauni ya biya musu ba, babu mai biya.

Abin da na lura da shi a tsawon shekarun nan shi ne, ba a taɓa samun ɗan siyasar da ya miƙe ya ce a soke kula da masu ciki ba. Ba haka ake kashe waɗannan shirye-shirye ba. A hankali ake yi, cikin shiru: layi ya tsuke a kasafi, ko a rubuta kuɗi a ƙi sakinsa, ko shiri ya bi gwamnatin da ta haife shi zuwa kabari. Ku tuna shirin SURE-P na mata da yara da aka fara a 2012 da rarar kuɗin tallafin mai. An ɗauki ungozomomi, an gyara ɗakunan haihuwa, har ana ba mace ɗan kuɗi, iyakarsa naira 5,000, in ta cika awo ta haihu a asibiti. Gwamnati ta canza a 2015, aka rufe shirin. Ko da shirin yana da nasa matsalolin, macen ƙauye ba ta san wannan ba. Abin da ta sani shi ne bara kyauta ne, bana an ce ta kawo kuɗi. Ba ta zargin Abuja, mu take zargi, ta ce malaman asibiti ne suka cinye. Yardar da aka yi shekara uku ana ginawa, wata uku ya isa ta rushe, kuma sake gina ta ya fi na farko wuya.

A 2020, shekarar korona, da aka zo gyaran kasafi, kuɗin asusun lafiya na matakin farko ya sauko daga kimanin biliyan 44 zuwa kimanin biliyan 25. Hujjar ita ce kuɗin shiga ya ragu, kuma asusun kaso ne daga kuɗin shiga. To, amma a kasafin wannan shekarar ne aka fara ware biliyan 37 don yi wa ginin majalisa kwaskwarima, ko da yake an rage daga baya. Mu da ke karkara mun ji duka biyun a rediyo, a mako guda.

Na 2025 ne ya fi ci mini rai. Layin da aka keɓe wa tsarin iyali a kasafin tarayya, wanda ya kai kimanin naira biliyan 2.2 a 2024, ya koma kimanin miliyan 66. An zaftare kashi 97 cikin 100. Jaridu sun ruwaito a 2023 cewa motar da aka saya wa kowane ɗayanku ta kai kusan miliyan 160. Ashe ke nan abin da aka rubuta wa matan ƙasar nan baki ɗaya a wannan layi bai kai rabin kuɗin mota guda ba. Ba gori nake yi muku ba, ku hau motocinku lafiya, hanyoyin mazaɓunku ma sai da irinsu. In kuma za a ce kuɗin yana nan an sa shi ƙarƙashin wani shiri, madalla, a nuna mana shafin. Abin da nake tambaya shi ne: kasafin nan ta gabanku ya wuce, kwamiti-kwamiti, shin a cikinku wa ya ɗaga hannu?

Kuma an yi wannan ragi ne a mafi munin lokaci. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, a farkon Yuli kuma aka rufe hukumar tallafinta ta USAID ɗungurungum. Kafin nan Amurka ce kan gaba a duniya wajen ba da kuɗin magungunan tazarar haihuwa, ta kuma yanke tallafinta ga asusun kula da yawan al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ta hannunsa kayan da yawa ke shigowa ƙasar nan. Har labari ya fito cewa akwai magungunan tazara na kusan dala miliyan 10 jibge a wani sito a Beljiyam, waɗanda aka saya don ƙasashe matalauta, gwamnatin Amurka ta ce ƙona su za ta yi. Ni ina nan ina ce wa mace ta dawo wata mai zuwa.

Ban ga laifin Amurka sosai ba, kuɗinta ne. Kuma wannan ba sabon abu ba ne. Tun 1984, zamanin Reagan, suke da wata ƙa'ida ta hana kuɗinsu ga ƙungiyoyin waje da ke da alaƙa da batun zubar da ciki. Clinton ya soke ta, Bush ya dawo da ita, Obama ya soke, Trump ya dawo da ita, Biden ya soke, Trump ya sake dawowa da ita. Shekara arba'in ana wannan kai-komo, duk mai ido ya san tallafin nan yana bin iskar zaɓensu ne. Laifin namu ne da muka bar kwabar maganin Gwadabawa da ta Birniwa tana jiran sakamakon ƙuri'ar da aka kaɗa a wata jihar Amurka. Kayan aro ba ya rufe katara. Na yaba da dala miliyan 200 da kuka ƙara wa ɓangaren lafiya a kasafin 2025 don cike giɓin, wannan aiki ne na hankali. Sai dai cike giɓin shekara guda daban, ɗaukar nauyin abin dindindin daban.

Ku dubi ma abin da suka yi wa nasu talakawan. Shirinsu na inshorar marasa ƙarfi, Medicaid, tun 1965 yake, kuma shi ke biyan kuɗin haihuwa kusan huɗu cikin kowace goma a ƙasar. A watan Yulin 2025 aka zartar da dokar da ta zaftare masa maƙudan kuɗi, a majalisar dattawansu ma sai da mataimakin shugaban ƙasa ya raba gardama, 51 da 50. Ofishin kasafi na majalisarsu ya ƙiyasta mutum kimanin miliyan 10 za su rasa inshora cikin shekara goma. Shirin da ya shekara sittin a ƙasar da ta fi kowa kuɗi ke nan, ƙuri'a ɗaya ta girgiza shi. Ina ga namu da bai gama tsayuwa da ƙafafunsa ba? Kusa da gida kuma, 'yan'uwanmu na zango a Ghana za su ba ku labari. Sun kafa inshorarsu tun 2003, suka ɗora ta a kan harajin kaya na musamman, suka sa masu ciki kyauta a 2008, har muna sha'awarsu. A 2017 aka yi dokar da ta ƙayyade abin da zai shiga asusun daga harajin nasa, sauran gwamnati ta yi wasu buƙatu da shi. Bashi ya taru, asibitoci suka koma cewa a biya kafin a duba. Sai a 2025 aka cire wannan takunkumi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi da naka.

Yanzu ga maganar da na san ita ce ainihin abin da ke ɗaure muku harshe, kuma ku yi haƙuri zan daɗe a kanta. Ɗan majalisar Arewa yana tsoron a ji kalmar tsarin iyali a bakinsa. Yana tsoron a yanko muryarsa a watsa a WhatsApp, a ce ga wanda Turawa suka saya don a rage yawan Musulmi, abokin hamayya kuma ya samu abin yaƙin neman zaɓe kyauta. Wannan tsoro yana da tushe. Mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin sanƙarau na 1996 ba, kuma wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ku lura, zargin nan yana samun gindin zama ne saboda kayan daga waje suke zuwa, da tutar wata ƙasa a jikin kwali. Ranar da kuɗinmu ya saya, hukumarmu ta tantance, 'yarmu ta bayar, rabin zargin ya mutu. Wato shirun da kuke yi don tsoron zargi shi ne ke ciyar da zargin.

Kuma mu a ɗakin awo ba ma cewa ƙayyade iyali. Ba mu taɓa ce wa mace ta tsaya a uku ko huɗu ba, ba hurumin mu ba ne. Tazarar haihuwa muke cewa, hutu tsakanin goyo da goyo. Wannan kuwa ba Bature ya kawo mana ba. Kakanninmu mata sun fi mu tsanani a kai. Mace takan tafi goyon ciki gidansu, ta yi wankan jego, ta daɗe ba ta koma ba, kuma kwanika abin kunya ce da har kishiyoyi ke yin habaici da ita. Alƙur'ani mai girma, a cikin Baƙara, ya ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa ga wanda ya so cikawa. Hadisin Jabir a kan azalu, wato miji ya zubar da maniyyi a waje don kauce wa ciki, a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cikin Bukhari da Muslim, kowane ɗalibin zaure ya san shi. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta ce bai halatta hukuma ta ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'ya ba, amma ya halatta su jinkirta ciki na wani lokaci da shawarar juna in akwai buƙata. Likitocin duniya kuma da suka gama bincikensu, shekara biyu suka ce mace ta jira bayan haihuwa kafin wani cikin. Ba su zo da abin da ya saɓa wa abin da muka gada ba. Abin da ya canza shi ne zaman gida: yau ba kowace mace ke da gidan da za ta je ta yi wata shida ba, ga talauci, ga gudun hijira daga 'yan bindiga, miji da mata ɗaki ɗaya. Hanyar da ta rage mata ita ce allura ko ƙwaya ko ashana.

Binciken ƙasa na baya-bayan nan ya nuna matan aure kimanin kashi 15 cikin 100 ne ke amfani da hanyoyin zamani, kuma kusan ɗaya cikin biyar tana son hutu ba ta samu ba. Wannan ta biyun ita ce ke zuwa wurina da hijabinta, wani lokaci mijin na tsaye a waje riƙe da babur. Kuma, ranku ya daɗe, mu ma'aikatan lafiya muna hira da juna. Mun san matan manya a Abuja da Kaduna ba sa rasa wannan hutu a asibitocin kuɗi, kuma ba wanda ya ce sun yi saɓo. Abin da ya halatta a Maitama, unguwar manya a Abuja, bai haramta a ƙauye ba.

Kada a juya mini magana: ba zubar da ciki nake nema a halatta ba. Dokar Penal Code da ke aiki a Arewa ta hana shi sai don ceton ran uwa, kuma ban zo neman a taɓa ta ba. Abin da na sani shi ne, duk lokacin da kwaba ta bushe, mukan ƙara ganin matan aure, masu 'ya'ya shida da bakwai, da aka kawo da zazzaɓi da wari bayan sun sha abin da wani mai kemis ko mai tallar magani a kasuwa ya ba su. Wadda ta yi ɓari na Allah da Annabi ma tana buƙatar wankin ciki da magani cikin gaggawa, kuma kayan aikin iri ɗaya ne. Wanda ke ƙin zubar da ciki da gaske, shi ya kamata ya fi kowa matsawa a cika kwabar nan.

A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga matan da ba su da hali, tare da shirin da ya mai da hankali a kan ƙananan hukumomi 172 da suka fi yawan mutuwar masu haihuwa. Akwai kuma shirin gyaran yoyon fitsari kyauta ta hannun hukumar inshora. Duk wanda ya taɓa shiga Babbar Ruga a Katsina ko cibiyar Laure a Kano ya ga 'yan matan da doguwar naƙuda ta lalata wa rayuwa, ya san darajar wannan. Allah ya saka wa duk mai hannu a ciki. Tsorona ɗaya: sanarwa ce, kuma minista ba ya dawwama a kujera. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu, tun wajen 2006 suka mai da tiyatar haihuwa da magungunan tazara da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Asibiti ya yi aiki, ya aika takardar kuɗi, gwamnati ta biya. Da biyan ya riƙa makara wata da watanni, sai kantin maganin asibiti ya zama fanko, kyautar ta koma takardar da ake rubuta wa mutum ya je ya saya a waje. Ku sa wannan tiyata a cikin doka, da inda kuɗinta zai fito, da wa'adin da dole a biya asibiti, tun kafin guguwar zaɓe ta taso kowa ya manta.

Ilimin ma ba nesa yake ba. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ke cikin jagororinsa. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace bayan ta sauka, a ga yawan jinin da ido maimakon kintace, in ya kai wani layi a haɗa mata magunguna da tausar mahaifa lokaci guda ba ɗaya bayan ɗaya ba. Wannan kaɗai ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. 'Yar Kano ce ta tsaya aka gano, saura a saya mana ledar. Allurar tsayar da jini da muka fi amfani da ita kuma sanyi take so, in ta sha zafin Afrilu a ɗakin da ba wuta, sai ka yi wa mace ita kamar ka yi mata ruwa. Firij mai aiki da hasken rana ba abin a zo a gani ba ne, ba a yanka masa kintinkiri, shi ya sa ba ya shiga ayyukan mazaɓa.

Tunda na taɓo ayyukan mazaɓa, bari in faɗi wadda za ta ɗan sosa. Mun saba ganin duba marasa lafiya kyauta na kwana ɗaya: rumfa, hoton mai gida a ƙyalle, rabon tabarau da maganin tsutsar ciki, 'yan jarida su ɗauka, kowa ya watse. Naƙuda ba ta san ranar da za ku zo ba. Hukumomin inshora na jihohi suna karɓar kuɗi daga duk wanda ya so ya biya wa wasu na shekara. In kuɗin rumfa da ƙyalle da mawaƙa ya tafi can da sunan masu cikin mazaɓa, katin zai yi aiki da ƙarfe biyun dare, ranar da kuna Abuja kuna barci. Sharaɗi ɗaya: kada jerin sunayen ya bi ta hannun shugaban jam'iyya na gunduma. Na taɓa ganin jerin masu rauni da ya zo mana ɗauke da sunayen mutanen da na san suna da shago da babur, bazawarar da ke bara da marayu huɗu kuma babu ita, don ba ta da katin ɗan ƙasa kuma ba ta da wanda ya san ta. A bar ungozoma da mai unguwa da limami su zauna su fitar da sunaye, a kai masu yin rajistar katin har ƙofar asibiti ranar awo.

A garin Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi ga lafiya. Tarayya ba ta taɓa kai ko rabin wannan ba, shekarun nan a wajen kashi 5 take yawo. Ba na mafarkin ku kai 15 a bana. Ku ɗaga kason asusun matakin farko daga 1 zuwa 2, maganar da aka daɗe ana tauna ta, ku kuma ɗaure shi yadda ba mai iya karkatar da shi. Ku maido da layin tazarar haihuwa da sunansa a fili, ɗan Arewa ya gabatar, ɗan Arewa ya mara masa baya, ya faɗa da Hausa a rediyon jiharsa in ya koma gida. Lokacin kare kasafi, kada tambayarku ta tsaya a nawa aka ware. Ku tambayi nawa aka saki, yaushe, kuma nawa ya isa asusun kowane ƙaramin asibiti, a liƙa takardar a bango inda kowa zai karanta. Gwamnoninku kuma, da yawanku tare kuke cin tuwo, ku tambaye su ko sun zuba nasu kason da doka ta ɗora wa jihohi, don in ba su zuba ba, na tarayya ma tafiyar hawainiya yake yi.

In hutun majalisa ya zo kun shigo gida gaisuwar sallah ko ta'aziyya, ku ratse ƙaramin asibitin da ya fi kusa da mahaifarku. Kada ku sanar da shugaban ƙaramar hukuma, in kun sanar za a yi fenti a aro gadaje. Ku zo ranar awo da hantsi, ku zauna a benci ku tambayi matan nawa suka kashe a haihuwar da ta wuce, da abin da aka sayar aka biya. Sannan ku ce a buɗe muku firij da kwabar da ke bayan ƙofa. In nawa asibitin Allah ya kawo ku, makullin yana ɗaure a bakin zanena.

Wassalam.

Taku,
Wata ungozoma daga karkarar Arewa